Burbon mai alkama da burbon mai hatsin rai: wanne zai zauna kusa da wane faranti?

Ƙanwata, na ga tambayarki tun shekaranjiya, aiki ne ya hana ni zama in amsa miki da kyau. Ga waɗanda ba su gani ba: tana karatun girki da kula da baƙi a jihar Kentaki ta Amurka, an ba ta aikin tsara liyafar ɗanɗano ta mutum 24, faranti huɗu, kowanne da ɗan burbon, wato wani nau'in barasar wiski ta Amurka, a gefensa. Malaminta ya ce iri biyu kawai za ta saya, ɗaya mai alkama, ɗaya mai hatsin rai (wanda ake kira rye da Turanci), sannan ta kare dalilin da ya sa ta ajiye kowanne inda ta ajiye shi. Tana so ta san bambancinsu a kan teburi.

Na san da yawa daga cikinmu ba sa sha, addini ya hana, ni ma ba kiran kowa nake yi zuwa ga kwalba ba. Maganar sana'a ce. Na yi shekara tara ina aikin kicin a Louisville, kuma a wannan jiha mai girkin da bai san burbon ba kamar mai abincin sayarwa ce da ba ta san daddawa ba.

Bari in fara da inda suka haɗu. Dokar Amurka ta ce kafin a kira wiski da sunan burbon, dole masara ta kai kashi 51 cikin ɗari na hatsin da aka yi shi da shi, a ajiye shi a sabuwar gangar itacen ok wadda aka babbake cikinta, kuma ƙarfinsa a kwalba, wato yawan barasar da ke cikinsa, kada ya gaza kashi 40. Tun 1964 Majalisar Dokokin ƙasar ta ayyana shi a matsayin kayan Amurka na musamman. Masara ce ke kawo zaƙi. Babbakakkiyar ganga ce ke kawo jan launin nan, da ƙamshin banila, da wani ƙamshi na ƙonannen sukari da zai tuna miki da mazarƙwaila. Kowane burbon yana da wannan. Inda hanya ta rabu shi ne hatsi na biyu da ake ƙarawa a kan masarar.

Ki ɗauki Maker's Mark, wanda ake yi a Loretto, a matsayin wakilin masu alkama: masara kashi 70, jar alkama 16, tsiron sha'ir 14, ƙarfinsa kashi 45. Ki ajiye Four Roses Single Barrel na garin Lawrenceburg a gefensa: masara 60, hatsin rai 35, sha'ir 5, ƙarfinsa kashi 50. Hatsin rai ɗan'uwan alkama ne da ke son ƙasa mai sanyi, shi ake yin baƙin burodin nan na Jamus da Rasha da shi. Alkama mai kawaici ce, takan ja da baya ta bar masara da ganga su yi magana, shi ya sa za ki ji laushi, zuma, banila, da ƙamshin burodi sabon fitowa. Hatsin rai kuwa baki gare shi. Yana zuwa da masoro, kirfa, kanumfari, wani lokaci har da na'a-na'a, kuma yakan bar ɗan yaji a maƙogwaro bayan an haɗiye.

Kamfanin Maker's Mark yana ba da labarin cewa a shekarun 1950, da Bill Samuels ke neman haɗin da zai yi amfani da shi, burodi aka yi ta gasawa a gidansa da hatsi iri-iri, wanda ba shi da hatsin rai ya fi yi musu daɗi. Na kawo wannan ne don ke ma za ki iya yin haka ko da ba kya sha. Ki sayi burodin alkama da na hatsin rai, ki ci kowanne da man shanu, sannan da gasasshen nama. Rabin amsar tambayarki na cikin wannan gwajin.

Faranti na farko ba ya buƙatar dogon bayani, na mai alkama ne. Baƙi sun zauna ke nan, harshensu bai saba ba, in kika tarbe su da mai ƙarfin 50 da yaji kin kashe musu baki tun kafin a je ko'ina. Abin da ake so a nan shi ne gishiri da ɗan maiƙo. Mutanen Kentaki sun saba da siririn yankan naman alade da aka adana da gishiri, amma ƙyafaffen kifi yana yin aikin, haka ma busasshen cuku irin Parmesan, ko Benedictine, wato haɗin kokwamba da cuku mai laushi da Jennie Benedict ta Louisville ta ƙirƙiro. Gishirin ne ke fito da zaƙin alkamar. Ki kauce wa salak mai ruwan tsami da ɗanyen tumatir, burbon ɗin duka iri biyun ba sa shiri da su.

A faranti na biyu za a fara ja-in-ja. Da yawa daga ɗalibai sukan sa ƙaramin Hot Brown a nan, don shi ne abin alfaharin Louisville: burodi, naman talotalo, soyayyen naman alade, a lulluɓe da farin romon madara da cuku a gasa, kamar yadda Fred Schmidt ya fara yi a otal ɗin Brown a 1926. Abinci ne mai nauyi ƙwarai. In kika haɗa shi da mai alkama, laushi ya gamu da laushi, burbon ɗin ya nutse a cikin romon, baƙo ya ji ɗumi kawai babu ɗanɗano. Mai hatsin rai ne ke iya ratsa wannan maiƙon. To amma in kika kawo shi tun a faranti na biyu, babu komawa ga mai alkama, domin harshen da ya ji mai ƙarfi ba ya ƙara jin mai laushi da kyau. Don haka ni da zan bar Hot Brown, in kawo abin da mai alkama zai haska a kansa: miyar kabewa da soyayyen man shanu, ko ƙirjin agwagwa da aka shafa wa zumar dawa.

Zumar dawar nan ta cancanci a tsaya a kanta. Ranar da na fara ganin manoman Kentaki suna matse kara suna dafa ruwansa har ya yi kauri, sai da na karɓi guntu na tauna. Takanda ce, irin wadda muke sha muna yara. Zaƙinta yana da ɗan tsami da ƙamshin ƙasa, ba ya gundura kamar na farin sukari, shi ya sa take ɗaga mai alkama ba tare da ta danne shi ba. Ouita Michel, shahararriyar mai girkin nan da ta daɗe tana aiki da Woodford Reserve, takan sa ta a ɗan farantin gwajinta tare da Parmesan, gasasshiyar gyaɗar hazel, busasshen ɗan itace mai tsami, yankan lemo da baƙin cakulan. Ana ɗanɗana kowanne sannan a kurɓa, a ji yadda abin sha ɗaya yake sauya fuska sau shida. Ki yi irin wannan farantin da kwalabenki biyu kafin ki rubuta jerin abincinki, ko ki sa abokan karatunki su ɗanɗana ki rubuta abin da suka ce.

Yanzu ga babban faranti, inda na fi so ki kashe lokacinki. A yammacin jihar, a garin Owensboro, naman tunkiya suke gasawa a hankali a kan hayaƙin itacen hikori na tsawon sa'o'i, suna yayyafa masa wani baƙin romo mai ɗan tsami. Bahaushen da ya ci zai tuna da balangu, sai dai wannan ya fi shan hayaƙi. Nama ne mai kitse, mai ƙarfin ƙamshi, wanda ba ya roƙon kowa. Ki kurɓi mai alkama a bayansa, za ki ji kamar ruwan zuma mai ɗumi, hayaƙin ya haɗiye shi gaba ɗaya. Ki kurɓi mai hatsin rai, sai masoron da ke cikinsa ya wanke kitsen daga harshe, babbakar gangar ta amsa wa hayaƙin naman, loma ta gaba ta zo kamar ita ce ta farko. A wannan faranti mai alkama rakiya kawai yake yi, mai hatsin rai shi ne abokin tafiya. Haka abin yake da haƙarƙarin sa da aka daɗe ana dafawa, da burgoo, wato farfesun nan nasu mai kauri da ake haɗa nama iri-iri da masara da wake.

Sai dai akwai tarkon da ke kama irinmu musamman, kuma ya taɓa kama ni. A wata liyafa a wani otal da na yi wa aiki, an ba ni damar tsara babban faranti, sai na barbaɗa wa naman rago yajin tsire na gida, da barkono yadda muke so. Naman shi kaɗai ya yi daɗi, kowa a kicin ya yaba. Da aka kai shi teburi kusa da mai ƙarfin 50, faranti suka riƙa dawowa da rabin nama, baƙi suna ta neman ruwa. Na ji zafin abin sosai, domin naman ba shi da laifi, haɗin ne ya ɓaci. Dalilin shi ne jijiyar da ke jin zafin barkono a baki, barasa na ƙara mata kaifi, don haka yajin da ke daidai shi kaɗai yakan ninka idan ya gamu da abin sha mai ƙarfi. Hatsin rai kuma ya zo da nasa yajin. In kina so ki sa hannun gida a farantinki, kuma ina goyon bayan haka, ki riƙe ƙuliƙuli, citta da kanumfari, ki rage barkonon ya zama ƙamshi kawai. Gasasshiyar gyaɗa na shiri da burbon kowane iri. In kuwa kin nace sai da zafi, a nan ne kaɗai zan ce ki mayar da mai alkama babban faranti, don zaƙinsa da ƙarancin ƙarfinsa za su ɗan sassauta.

Kayan zaƙi ne wurin da hankali ke yaudarar mutum. Ana ganin tunda mai alkama ya fi zaƙi, shi ya dace da kek ɗin gyaɗar pekan ko alewar burbon irin wadda Ruth Booe ta fara yi a Frankfort a 1938. A baki ba haka abin yake ba. Abincin da ya fi abin sha zaƙi yakan kwashe masa zaƙinsa, ya bar ɗaci da zafin barasa tsirara. Na fi yarda da baƙin cakulan mai koko kashi 70, da ɗan gishiri da ɓawon lemo, kusa da mai hatsin rai. Ɗacin cakulan na fito da zaƙin da ke ɓoye a bayan yajin. Da ni ce ke, a wannan faranti na ƙarshe zan ba kowane baƙo duka biyun, ɗan kaɗan-kaɗan a kofi biyu, da cakulan a gefe ɗaya, gasasshiyar pekan marar sukari a ɗaya gefen, su kwatanta da kansu. Malaminki zai ga cewa kin fahimci abin da ya tambaya.

Wani zai ce kwatancen bai yi adalci ba tunda ɗaya 45 ne ɗaya 50. Gaskiya ne. In kina son gwajin hatsi zalla, ki sa Bulleit, mai hatsin rai kashi 28, a gefen Maker's Mark, dukansu 45 ne. Amma a liyafa wannan tazarar alheri ce gare ki, ita ke ba ki hawa daga mai sauƙi zuwa mai ƙarfi.

Ma'auni kuma: mililita 15 a kowane faranti ya isa, a kofi mai tsukakken baki irin Glencairn wanda ke tara ƙamshi. Kwalba mai mililita 750 na ba da zubi 50, ke kuma kina buƙatar 48 daga kowane iri ko fiye, saboda haka ki sayi bibbiyu kada ki tsaya a kan gaɓa. Kada ki sa ƙanƙara, sanyi na rufe ƙamshi. Ki ajiye ruwa a ɗan tulu a kowane teburi, ɗigo biyu ko uku na buɗe mai ƙarfin 50, sannan a riƙa cika wa kowa kofin ruwan shansa ba sai ya tambaya ba.

Cikin mutum 24 da wuya a rasa wanda ba ya sha, ko don addini, ko juna biyu, ko tuƙi. Na sha ganin an bar irin wannan baƙon da ruwan famfo tun daga farko har ƙarshe alhali kuɗi ɗaya ya biya da kowa, kuma abin na damuna. Ki tsara masa nasa jerin a kan wannan tunanin dai. Inda kika sa mai alkama, ki ba shi ruwan tufa mai ɗumi da banila da ɗigon zumar dawa. Inda kika sa mai hatsin rai, ki ba shi shayin Lapsang Souchong mai hayaƙi da kirfa da masoro, ko zoɓo mai kanumfari da citta da aka rage wa sukari, ko Ale-8-One, lemon cittar da ake yi a Winchester tun 1926. Sannan ki duba girkinki da kanki. Dahuwa ba ta fitar da barasa duka daga romo, alewar burbon kuwa ko wuta ba ta gani. Ki rubuta a takardar jerin abincin duk farantin da burbon ya shiga da duk wanda naman alade ya shiga, ki kuma tanadi madadinsu a kicin tun kafin baƙi su iso.