HEC-RAS: Wata Huɗu Ina Gwada Ruwan Haɗejiya a Kwamfuta

Bayan ambaliyar 2022 da ta cinye mana shinkafa a fadamar Auyo, kawuna ya kafe cewa jinga ce kaɗai magani. Ni aikin injiniyan ruwa na karanta, kuma raina na ba ni cewa a bar wa ruwa wurin kwanciya ya fi, amma ba ni da abin nuna masa. Dalilin da na sauke HEC-RAS ke nan.

Manhajar kyauta ce, injiniyoyin sojan Amurka suka yi ta, a kan Windows take aiki. Ka ba ta taswirar tudu da kwari da yawan ruwan da ya sauko, ta zana maka inda zai bi da zurfinsa. Tun fitowa ta 6 a 2021 har ruwan da ƙasa ke shanyewa tana lissafawa.

Inda ta burge ni shi ne lambar Manning, wato ma'aunin yadda ciyawa da itatuwa ke riƙe ruwa. Na ɗaga lambar a gaɓa kamar an dasa itatuwa, sai ruwan ya yi jinkirin isa garuruwan da ke gaba, amma ya taru a wurin dashen. Na rage ta a cikin kogi kamar an share kachalla, ruwa ya ragu a wajenmu, ya ruga wa na gaba. Da na ɗora jingar kawu kuwa, ƙauyen tsallake ne ya sha. Wannan ya tsaya mini a rai, don muna da dangi a can.

Wahalar ba ta manhajar ba ce. Taswirar tauraron ɗan'adam da ake samu kyauta kowane gidanta, wato ɗan yankin da take ba wa awo ɗaya, mita 30 ne, ga ƙasarmu shimfiɗe kamar faifai, ƙananan rafuka ba sa fitowa sam. Sai da na bi dattawa suna nuna mini iyakar ruwa a jikin bangon masallaci ina aunawa, sannan taswirar ta fara kama da gaskiya.

Littafin jagorarta da Turanci yake, kuma sai mai tushe a ilimin ruwa zai gane shi. Lissafi ɗaya kan kwana yana tafiya a ƙaramar kwamfutata, saboda haka a tanadi sola ko janareta kafin a fara.