Yaya, babu magani a cikin jakar

Assalamu alaikum Yaya. Ya gida, ya yara, ya ƙafar Hajiya? Allah ya ƙara mata sauƙi.

Saƙon muryar da kika turo sau uku na saurare shi, na ƙarshen ina cikin bas zan tafi aikin dare. Kin ce jikanki ya shekara 3 da rabi bai fara magana ba, in an kira sunansa ba ya waiwayowa, da an tada janareta sai ya toshe kunne ya yi ta ihu, kuma yana iya wuni yana jera murafan kwalba a bakin ƙofa. Sannan kika ce, "Ki dubo mana maganin a can, ko nawa ne za a haɗa." Amsar da zan ba ki ita ce wadda nake bai wa mata da yawa daga Tudun Wada, Kawo da Unguwar Rimi da ke nemana a kan irin wannan, shi ya sa na rubuta ta a fili, na cire sunaye.

Jakar da na ba da a kawo miki babu magani a ciki. Ba rowa ba ce, ba kuma tsada ba. Abin da ake kira otizim, wanda wasu a gida ke ce wa galahanga, ba shi da ƙwaya ko allurar da ke kawar da shi, a nan Ingila ko a ko'ina. Haka aka halicci ƙwaƙwalwar yaron, tana karɓar sauti da haske da maganar mutane ta wata hanya daban. Shekara bakwai ke nan ina rainon ɗana Auta a kan haka, kuma ba ni da hurumin cewa abin da ke damun jikanki ke nan sai likita ya gan shi. Amma alamun da kika lissafa na san su kamar yunwar cikina.

Abu biyu na sa. Na farko abin toshe kunne ne irin na masu aiki a filin jirgi, na yara, fam 12 na saye shi. Na biyu katunan hoto ne, waɗanda yaro ke miƙa wa babba idan yana son abu. Sai dai da na zauna ina duba su na ga rabinsu ba za su yi muku aiki ba: hoton gasasshen burodi, bahon wanka na Turawa, motar kashe gobara ja. Don haka ki sa uwarsa ta ɗauki hoto da wayarta, kofinsa na koko, ƙosai, buta, tabarmarsa, Keke Napep, fuskarki ke kanki. A kai wajen masu buga takardu a Ahmadu Bello Way su fitar, su sa musu leda. Ranar da Auta ya fara ɗauko katin ruwa ya ɗora a tafin hannuna yana da shekara 4. Kafin ranar, in ƙishirwa ta kama shi kansa yake bugawa da bango, ni kuwa in yi ta canke, ko yunwa ce, ko ciwon ciki. Na ba shi ruwan, ya sha, ya ajiye kofin ya koma wasansa. Ni ce na kasa tashi daga wurin.

Kin tambaye ni yadda ake yi a nan. Akwai ma'aikaciyar lafiya da ke duba kowane yaro idan ya kai wajen shekara 2, ita ta fara lura, ta tura mu. Ƙa'idarsu ta ce a fara gwaji cikin wata uku. Mu wata 19 muka yi a layi. A shekarar 2024 mutanen da ke jiran wannan gwajin a Ingila sun haura 200,000, mai hali kuma yakan je ya biya a asibitin kuɗi. Kada wanda ya gaya miki a Turai komai nan take ne.

Abin da suka fi mu shi ne doka mai haƙora. Tun 2009 suna da dokar da aka yi musamman don masu otizim, a 2014 kuma aka kawo wata takarda da ake kira EHCP, inda ake rubuta duk abin da yaro ke buƙata a makaranta, kuma dole hukuma ta biya. Mu da farko an hana mu, sai da muka ɗaukaka ƙara. Yanzu Auta yana ajin kowa da kowa, da mataimakiyar malama a gefensa, mai koyar da magana tana zuwa, akwai kuma ɗan ɗaki mara hayaniya da yake shiga idan abin ya yi masa yawa. Gwamnati na ba da kuɗin tallafi ga yaro mai buƙata ta musamman har ya kai 16. Kantin Morrisons tun 2018 yake ware awa guda ranar Asabar da safe, a rage fitilu, a kashe kiɗa. A filin jirgi in aka ga igiya mai hoton furen sunfulawa a wuyan yaro, an san a yi masa uzuri. Mu ma Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar hana wariya ga masu nakasa a Janairun 2019, amma ke kika gaya mini makarantar raino biyu sun maido da yaron nan, wai yana hana sauran karatu, kuma babu inda za ku kai kuka.

Duk da haka Yaya, akwai daren da nake kwana ina kewar Kaduna saboda Auta. A nan idan ya ƙi barci har asuba, daga ni sai babansu, gobe kuma aiki. Maƙwabciyata shekara biyar muna gaisawa, ban taɓa shiga ɗakinta ba. A gida kuwa ga ki, ga Hajiya, ga 'yan mata cike da tsakar gida, in yaro ya sulale waje mai shagon bakin layi ya san ɗan gidan wa ne, zai riƙo hannunsa ya maido shi. Wannan kam, Bature da duk kuɗinsa bai iya saye ba. Hannuwa muna da su. Abin da ke ɓata mana shi ne abin da muke ce wa yaron, da abin da muke yi masa saboda mun faɗa. A ce shafar aljanu ce, a ce ɗan ruwa ne, a ce uwar ce ta yi sakaci da ciki. A kulle shi a ɗaki in baƙi sun zo. A zane shi a Islamiyya don ya ƙi kallon malam. Ba mu manta da Satumbar 2019 ba, lokacin da 'yan sanda suka fito da mutum wajen 300 daga wani gida a Rigasa, manya da yara, wasu da mari a ƙafa, kuma da yawansu iyaye ne suka kai su da hannunsu don a gyara musu hali. Ni ina yi wa Auta tofi kowane dare, ina roƙa masa Allah, ba kuma zan daina ba. Amma hayaƙin da zai shaƙe shi, ko ruƙiyyar da za a danne shi ana yi masa tsawa a kunne, yaron da ƙarar janareta ma azaba ce a gare shi, wannan ban yarda ba. Ki tsaya wa uwarsa a kan wannan, ita yarinya ce, ba za ta iya ja da dangin miji ba.

Kada kuma ki ɗauka masu cin kasuwa da hawayen iyaye a gida kaɗai suke. A nan ma akwai masu tallar wani ruwa a intanet wanda asalinsa sinadarin wanke kaya ne, hukumomi sun sha gargaɗi a kansa. A 2005 an ɗauki wani yaro ɗan shekara 5 daga Ingila zuwa Amurka don a "wanke masa jini" daga ƙarafa, a wurin ya rasu.

Sai maganar ɗaliban da kika ce sun zo da takardar tambayoyi suna neman yara irinsa don bincike, kika ce gabanki ya faɗi. Na fahimce ki, domin duk ɗan Arewa da ya ji an ce bincike, Kano yake tunawa. A 1996, ana tsakiyar annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani gwaji da ya ƙunshi yara 200, 11 suka rasu, iyaye suka ce ba a yi musu bayanin cewa gwaji ne ba. Sai 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Wannan tabon yana cikin abin da ya sa aka ƙaurace wa rigakafin shan inna a 2003, yara suka shanye a banza.

Da na zo nan na tarar su ma suna da nasu tabon, kuma a kan yara irin Auta aka yi shi. A 1998 wani likita a Landan, Andrew Wakefield, ya wallafa bincike a mujallar Lancet kan yara 12 kacal, ya jefa zargin cewa allurar rigakafin ƙyanda na da alaƙa da otizim. Daga baya aka gano lauyoyin da ke shirin ƙarar masu yin allurar suna biyansa, an zura wa yaran na'ura a hanji, an ɗebi ruwan ƙashin bayansu ba tare da sahihin izinin kwamitin ɗa'a mai tantance bincike a kan mutane ba. Har a bikin zagayowar haihuwar ɗansa ya ɗebi jinin yara yana ba su fam biyar-biyar. A 2010 mujallar ta janye binciken, aka kuma soke lasisinsa. Wani bincike a Denmak da aka fitar a 2019 ya bi yara sama da 650,000 bai ga wata alaƙa ba. Amma ƙaryar ta riga ta yi fiffike, har ta iso wayoyin matan unguwarmu. Don Allah Yaya, ƙanwar jikanki da ke goye kada a fasa kai ta rigakafi. Ƙyanda kisa take yi, mu da muka tashi a Kaduna mun gani da idonmu.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne na baya-bayan nan. A Agustan 2021 masana a Jami'ar Kambirij, ƙarƙashin Farfesa Simon Baron-Cohen, suka ƙaddamar da shirin Spectrum 10K don tattara yawun mutum 10,000 masu otizim a binciki ƙwayoyin halittarsu. Sun ce manufarsu inganta lafiya ce. Sai manya masu otizim, waɗanda ke magana da bakinsu ko suke rubutu, suka miƙe suka ce: wa zai riƙe bayananmu, har zuwa yaushe, kuma wa ya ba mu tabbacin ba za a wayi gari ana gwada ciki ana zubar da irinmu ba? Me ya sa ba a tambaye mu ba tun farko? Cikin makonni aka dakatar da shirin, a farkon 2025 aka rufe shi gaba ɗaya. Wasu iyaye sun ji haushi, musamman masu 'ya'yan da ke fama da farfaɗiya, waɗanda suka sa rai binciken zai amfane su, kuma ban ga laifinsu ba. Amma ni a nan na fara gane cewa Auta zai girma, zai zama magidanci mai ra'ayin kansa, kuma abin da na sa wa hannu a madadinsa yau shi zai rayu da shi.

An taɓa gayyatarmu wani ƙaramin bincike kan barcin yara. Matar ta zauna da ni kusan awa guda, ta karanta mini takardar layi-layi, ta ce in na fasa a tsakiya ba abin da zai taɓa kulawar da ake ba shi. Sannan ta durƙusa daidai tsayin Auta, ta ajiye kati biyu a gabansa, kore da ja, ta nuna masa agogon da za a ɗaura masa a hannu. Ya ture agogon, ya taɓa jan. Ta tattara kayanta, ta yi mana godiya ta tafi. Ni na riga na sa hannu, amma nasa "a'a" ɗin aka bi. A duk abin da na gani a ƙasar nan, wannan ne na fi so a ce ya shiga jaka ya zo Kaduna.

Ban ce ki kori ɗaliban ba. Muna buƙatar bincikenmu matuƙa. Yawancin abin da duniya ta sani a kan otizim daga yaran Turai da Amurka aka samo shi, gwaje-gwajen ma da Turanci aka tsara su bisa tarbiyyarsu. Su yaron da ba ya kallon babba cikin ido abin dubawa ne, mu kuwa ladabi muke kiransa. In ba namu sun zauna sun yi aikin da Hausa ba, haka za a ci gaba da auna 'ya'yanmu da mudun wasu. Ki dai sa su zauna, ki ba su ruwa, ki tambaye su daga wace jami'a ko asibiti suke, su nuna takardar amincewar kwamitin ɗa'a, domin a Najeriya ma ƙa'ida ce tun 2007. Su yi bayani da Hausa, su faɗi ko za a ɗebi jini ko yawu da inda za a kai shi, da ko za a ɗauki hotonsa. Su faɗi abin da yaron zai samu, ko da tura ku wajen likitan da ya dace ne. In suka ce a sa hannu kawai sauri suke yi, a sallame su. In kuma yaron ya firgita, a tsaya, ko an riga an sa hannun.

Kafin komai a kai shi a gwada jinsa, don wani lokaci kunne ne. In kunnen lafiya, a nemi likitan yara a asibitin Barau Dikko ko na Shika, ko a je asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa. Na san sunan Barnawa kaɗai zai sa dangin uban su ɗaure fuska, ki ce musu ba hauka aka ce yana yi ba, masana ake nema.

Abin kunnen kuma kada a ƙaƙaba masa. Ki fara sawa a kanki yana kallo, ki ajiye kusa da murafan kwalbarsa, ki bar shi ya ɗauka da kansa, ko da zai kai mako. Mai kawo jakar zai juyo ƙarshen wata, a haɗo mini da kuka da daddawa, Auta ba ya cin miyar da ba ta kuka ba. Ki gaishe da Hajiya, ki ce mata zan kira ranar Juma'a bayan an sauko.