Randa da tukunyar ƙasa ta matan Gwari: abin da na gani bayan amfani da su

Tun farkon bazara nake amfani da randa da tukunyar miya da na saya wajen matan Gwari a yankin Kwali, garin su Ladi Kwali, shahararriyar maginiyar tukwane wadda hotonta ke bayan takardar naira 20. Randar ta biya kuɗinta, tukunyar kuwa sai mai haƙuri.

Da hannu suke gini, ba na'urar juyi. Sai a jiƙa yumɓu, a kwaɓa shi da dakakken tsingaro don kada ya tsage a wuta, a mulmula shi kamar igiya, maginiya na zagaya tukunya tana ɗora shi tana shafewa. In ta bushe a inuwa, a gasa a fili da itace da ciyawa. Wannan wuta ba ta kaiwa ta narkar da ƙasar ta toshe, shi ya sa jikin randar ke da ƙananan ƙofofi. Ruwa na tsattsafowa a hankali, iska ta busar da shi, ta tafi da zafin. Don haka in ka ga randa na gumi, aikinta take yi. Na girke tawa a kan jiƙaƙƙen yashi inda iska ke ratsawa, na turara ta kafin in zuba ruwa. Ko da azahar, lokacin da ba wutar lantarki, ruwan da sanyinsa da ƙanshin ƙasa. Da damina ta sauka, iska ta yi laima, sanyin ya ragu sosai, wannan kuwa ba laifin magina ba ne.

Abin da ke ɓata min rai shi ne masu shafe randa da fenti mai sheƙi wai don ado. Sun kashe ta! Kayan da aka dalaye suka yi santsi kamar gilashi, irin waɗanda Ladi Kwali ta riƙa yi bayan ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane ta Baturen Ingila Michael Cardew a Suleja a 1954, lokacin ana kiran garin Abuja, na cin abinci ne da ado, ba sa sanyaya ruwa.

Tukunyar miyar tana jinkirin ɗaukar zafi, amma in ta ɗauka, ko an sauke ta miyar kuka na ci gaba da ɓararraka. Wake da ganda suna nuna luguf a kan gawayi. Sai dai nauyi gare ta, murfin bai zauna daidai ba, kuma ba ta son a zuba mata ruwan sanyi tana da zafi. Sabulu ma yana shiga jikinta, da toka da ruwan ɗumi nake wankewa.

In za ka saya, ƙwanƙwasa da ɗan yatsa. Mai kyau ƙara take yi ƙal-ƙal, mai ɓoyayyen tsagu kuwa muryarta a dushe take. Kuma don Allah a rage taya wa matan nan kayansu da arha, haƙar yumɓun kaɗai jan aiki ce.