Kafin ka sayi makirfo, ka san ramin da iyafis ɗinka zai shiga

Ana saura kwana huɗu a kama azumi ƙanena ya shigo gida da la'asar, ransa a ɓace, da ɗan makirfon maƙalawa a riga a hannunsa. Kwamitin masallacin unguwarmu a nan Birnin Kebbi ne ya ɗora masa naɗar tafsiri da wayarsa, a riƙa turawa zaurukan WhatsApp saboda mata da tsofaffin da ba sa iya fitowa. "Yaya, wanga makirfo ya kashe mini sifikar waya," in ji shi. "Na yi naɗi, na kunna in saurara, shiru kake ji. Gobe zan mayar wa mai shago abinai." Na karɓi wayar, na zare kebul ɗin, na sake kunna naɗin. Sai ga muryarsa ta fito tangaram.

Makirfon lafiyarsa ƙalau. Rami ɗaya ne wayar take da shi, kuma ta nan sauti yake shiga, ta nan yake fita. Da zarar ka cusa wani abu a ciki, sai wayar ta ɗauka iyafis ne, ta rufe sifikarta, ta tura sautin zuwa kunnen da babu shi. Daga ranar na fara lura cewa yawancin makirfon da ake mayarwa shago da sunan "ba ya yi" ba su lalace ba. An saye su ne ba tare da an tambayi kai abu ɗaya ba: idan makirfo ya tare ramin, ta ina zan ji abin da nake ɗauka? A kan wannan tambayar zan auna kayan da ke kasuwa.

Fara da ƙirga zobba. Dubi ƙarfen bakin kebul ɗin, wanda kaurinsa milimita 3.5 ne, za ka ga wasu siraran zobba baƙaƙe ko farare da suka raba shi gida-gida. Mai zobe biyu shi ake kira TRS, na kyamara ne da tsohuwar kwamfutar tebur mai ramuka biyu, ruwan hoda na makirfo, kore na sifika. Mai zobe uku shi ne TRRS, na wayar hannu da laftof mai rami ɗaya. Duka biyun suna shiga rami ɗaya daidai wa daida, shi ya sa mutane suke ruɗewa. Ka sa mai zobe biyu a waya, ba za ta gan shi a matsayin makirfo ba, za ta ci gaba da ɗauka da ɗan makirfonta na ciki, kai kuma kana can kana murna. Su ma masu zobe ukun iri biyu ne. Tsarin CTIA shi ne na kusan duk wayoyin yanzu, OMTP kuwa na tsofaffin Nokia ne da ire-irensu, kuma an musanya wuraren igiyoyin lantarki biyu a cikinsu. Idan ka ji murya a iyafis kamar daga cikin rijiya, kuma ta gyaru yayin da ka danne maɓallin iyafis ɗin, to ka haɗa tsari biyu da ba su dace ba.

Mafi araha shi ne makirfon riga mai kebul, irin Boya BY-M1 da ya cika shaguna. Kebul ɗinsa ya kai mita 6, wanda ya isa ka kafa waya nesa da malami. Yana da ɗan maɓalli mai gefe biyu, ɗaya na kyamara, ɗaya na waya, da ƙaramin batir LR44 da ke aiki a gefen kyamara kaɗai. Rauninsa shi ne abin da ya sami ƙanena: ba shi da ramin iyafis. Maganin da ake bayarwa shi ne kebul mai reshe biyu, kuma a nan ake yawan asarar kuɗi, domin masu reshe biyun iri-iri ne kuma kamarsu ɗaya. Akwai wanda aka yi don mutum biyu su saurari abu ɗaya, wannan ba ya ɗaukar makirfo sam. Wanda kake nema bakinsa mai zobe uku ne, reshe ɗaya da hoton makirfo, ɗayan da hoton iyafis. Ko ka same shi, reshen makirfon yawanci mai zobe biyu yake jira, don haka sai ka mayar da maɓallin BY-M1 gefen kyamara, ka tabbata batir yana da rai. Kamfanin Rode yana da SC6, wanda ke karɓar makirfo biyu masu zobe uku da iyafis ɗaya, ga mai yin hira da mutum biyu.

Abin da masu shago ba su cika faɗa ba, mai yiwuwa don su ma ba a faɗa masu ba, shi ne kebul mai reshe biyu zai ba ka damar jin naɗin bayan ka gama ba tare da zare komai ba, amma ba zai jiyar da kai muryarka a lokacin da kake magana ba. Wannan sai manhajar naɗin ta yarda, kuma ko ta yarda, muryar takan iso kunne da ɗan jinkiri. Ga mai ɗaukar tafsiri na awa guda wannan ba ƙaramin abu ba ne. Idan kebul ya saki a minti na goma, sai bayan an shafa fatiha zai sani.

Masu wayar da ba ta da ramin iyafis suna da ƙarin gada da za su tsallaka. Apple ya cire ramin tun iPhone 7 a 2016, ya koma USB-C a iPhone 15 a 2023, manyan wayoyin Samsung ma sun bi sahu. Adaftar da ke mayar da USB-C zuwa rami iri biyu ce: wata igiyar lantarki ce zalla a ciki, wata tana da ɗan guntun lantarki da ke sarrafa sautin. Wayoyi da yawa ta biyun kaɗai suke karɓa, kuma ba kowace adafta ce ke wuce da makirfo ba, wasu ji kawai suke yi.

Sai marasa kebul, irin K8 da K9, waɗanda 'yan TikTok da masu tallar kaya suka fi so. Ka maƙala ɗaya a riga, ka cusa ɗaya a ramin caja, shi ke nan. Ga mai yawo cikin kasuwa ko mai ɗaukar masunta a bakin Matan Fada ranar bikin Argungu, babu kamar su wajen sauƙi. Amma a ma'aunin da na ɗauka su ne na ƙarshe. Masu arahar ba su da ramin iyafis, kuma muddin ɗan abin yana jikin wayar, sau da yawa sifika shiru za ta yi sai ka zare shi. A wayoyi da dama sai ka shiga saiti ka kunna OTG, wato saitin da ke barin waya ta karɓi na'ura ta ramin caja, kafin wayar ta gan shi, wasu kuma suna kashe OTG ɗin da kansu idan aka yi minti goma ba a yi amfani da shi ba. Wata kyamarar waya ma ba ta kula makirfon waje ko kaɗan, sai ka sauke manhaja irin Open Camera ka zaɓe shi da hannunka. Idan mara kebul kake so, ƙara kuɗi ka nemi wanda akwatin karɓarsa yake da ramin iyafis. Kada ka ce za ka cike giɓin da iyafis na Bluetooth. Jinkirinsa yakan kai kusan kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa, wanda ya isa ya sa harshenka ya riƙa sarƙewa. Ban da haka, a kiran WhatsApp ko Zoom wayar takan bar makirfonka mai tsada ta koma kan ɗan makirfon iyafis ɗin, sautin ya dawo kamar na tsohuwar tarho.

Wanda na fi ba mutane shawarar saye, idan a zaune za su yi aikin, shi ne makirfon USB mai ramin iyafis a jikinsa. Samson Q2U da Fifine K688 misalai ne. Muryarka tana zuwa kunnenka kai tsaye daga cikin makirfon, ba ta bi ta kwamfuta ba, don haka babu jinkiri. Iska ta buga, ka ji. Ka matso da yawa har "b" da "f" suna fashewa, ka ji, ka ja baya nan take. Malamin da ke koyar da ɗalibai ta intanet, da ɗalibin jami'ar tarayya da ke Kalgo ko na kwalejin Waziri Umaru da ke shirya shirin murya a ɗakinsa, wannan ya ishe su shekaru. Abu ɗaya zai ba ka tsoro ranar farko: da ka jona shi, sifikar laftof za ta yi shiru, saboda kwamfutar ta mayar da shi hanyar fitar sauti. Ka sa iyafis a jikin makirfon, ko ka canza mafitar a saitin sauti. In kuma kana jin muryarka sau biyu, to an kunna zaɓin sauraren makirfo a cikin Windows ko a manhajar naɗi, ga kuma na jikin makirfon. Kashe na kwamfutar.

Waɗannan biyun da na ambata, Q2U da K688, nau'in dainamik ne, kuma da gangan na zaɓe su. Ɗayan nau'in, kondensa, kunnensa ya yi kaifi da yawa ga irin ɗakunanmu. Ya fi dacewa da ɗakin da aka lulluɓe bangonsa da soso. A watan Afrilu, lokacin da zafin Birnin Kebbi ke haura digiri 40, ba wanda zai kashe fanka ya rufe taga don ya yi naɗi. Kondensa zai kwaso fankar, da janareton maƙwabci, da ɗan acaɓan da ya wuce, da akuyar bayan gida. Dainamik kuwa abin da ke dab da bakinsa ya fi ji, sai dai dole ka matso shi kamar tazarar yatsu huɗu.

Wannan ya kawo ni kan kwalin nan mai ɗaukar ido, na makirfon BM-800 da akwatin sauti na V8, mai ƙarfen maƙalawa a tebur da fitilu. A kan tambayarmu ya ci jarrabawa, domin V8 yana da ramin iyafis kuma kana jin kanka nan take. Ga mai hira kai tsaye a Facebook da ke son tafi da kiɗa a bayan murya, zai yi masa. Sai dai BM-800 kondensa ne, V8 na asali kuma ba ya ba da wutar bolt 48 da manyan makirfon kondensa suke so, kuma akwai wani "shuu" da ke kwance a ƙarƙashin sautin. Ga karatu ko wa'azi ban ba da shawararsa ba. Wanda ya riga ya saya, ya murɗe maɓallin amsa-kuwwa zuwa sifili, domin abin takaici ne a ji karatun malami yana maimaituwa kamar sanarwar tasha.

Na sama da su duka shi ne akwatin sauti irin Behringer UM2 ko Focusrite Scarlett Solo, da makirfo mai bakin XLR, wato babban bakin nan mai ƙafa uku. Yana da maɓallin bolt 48, da na jin kai tsaye. Na mawaƙa ne da masu situdiyo. Ramin iyafis ɗinsa babba ne, milimita 6.35, don haka ka haɗa da 'yar adafta tun a shago.

Akwai ƙugin da ba ruwansa da irin makirfon da ka saya. Wutarmu tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, kuma caja mara kyau ko wutar ƙaramin janareto takan zubo wannan kaɗawar cikin naɗi, ka ji "zzz" daga farko har ƙarshe. Gwajin ba wuya: zare caja. Idan ƙugin ya ɗauke, ka gano ɓarawon. Ka cika batir kafin ka fara, ko ka yi amfani da fawa-bank. Lokacin hunturu kuma ƙura takan cushe ramin waya har bakin kebul ya kasa shiga ƙarshe, sautin ya riƙa yankewa. Tsinken sakace da hannu mai taushi sun wadatar, a kashe wayar tukuna. Shi ma iyafis ɗin a duba shi: wanda ke toshe kunne ko ya rufe shi ruf ya fi, saboda mai yoyon sauti yana mayar da abin da kake ji cikin makirfo, wanda kuke waya da shi ya riƙa jin muryarsa tana dawo masa.

Ko a babbar kasuwar Birnin Kebbi za ka saya, ko a Jega, tafi da wayarka da iyafis ɗinka. Ka ce wa mai shago, "Alhaji, a yi haƙuri in gwada a gabanka." Jona komai yadda za ka yi aiki da shi, buɗe manhajar da za ka yi amfani da ita, ka fara naɗi. Kada ka yi magana, domin makirfon cikin wayar ma zai ɗauki maganar ya ruɗe ka. Ka sosa kan sabon makirfon da farce, sannan ka sosa gindin wayar inda nata yake. Wanda ƙararsa ta fito da ƙarfi a naɗin shi ne ke aiki. Ka ɗan girgiza kebul ɗin a wajen baki ka ji ko zai yi ƙaraf-ƙaraf. Idan saƙo za ka bayar a sayo maka daga Farm Centre a Kano, tura hoton ramin wayarka da sunan samfurinta, kuma a yi ƙa'idar canji kafin kuɗi su fita.

Ƙanena bai mayar da makirfonsa ba. Washegari muka nemo kebul mai reshe biyu, na uku da muka gwada ne ya dace. Kullum kafin malam ya zauna yakan naɗi daƙiƙa goma, ya saurara a iyafis, sannan ya maƙala makirfon a wuyan rigar malam, ƙasa da gemu kaɗan don kada ya riƙa gogarsa. Kwamitin ya ce baɗi, in Allah ya kai mu, za a sayi mai ramin iyafis a jiki.