Sharhi Kan Ziyarar Tsohuwar Majami'ar Wusasa

Na daɗe ina jin labarin majami'ar St. Bartholomew da ke Wusasa, a bayan ganuwar birnin Zariya, amma sai a lokacin hunturun da ya wuce Allah ya nufa na sa ƙafa a cikinta, kuma abin da na gani ya isa in ba duk mai sha'awar ginin gargajiya shawara ya ware rabin yini ya je.

Wani dattijo daga cikin masu hidimar wurin ne ya zagaya da ni, kuma ya fara da tarihi tun muna tsakar fili. Likita Walter Miller na mishan ɗin CMS, wato ƙungiyar bishara ta cocin Ingila, yana cikin ayarin Bishop Tugwell da ya isa Kano a 1900, inda Sarki Alu ya ƙi ba su wurin zama. A 1905 Miller ya zauna a cikin birnin Zariya, yana duba marasa lafiya yana kuma koyar da yara, har zuwa 1929 da aka mayar da mishan ɗin zuwa Wusasa a ƙarƙashin jagorancin wani ɗan mishan mai suna Guy Bullen, aka kuma ɗora harsashin wannan majami'a ta ɗarikar Angalikan. A wannan ƙauye ne Janar Yakubu Gowon ya tashi, domin mahaifinsa mai aikin bishara ne.

Ginin shi ne ya fi riƙe ni. Da Turawan sun so, da sun kwaikwayi majami'un ƙauyukan Ingila masu dutse da doguwar hasumiya, amma sai aka ba maginan ƙasar aikin, suka yi shi da abin da hannunsu ya saba: jar ƙasa, tubali da azarar giginya. Da shigata na ɗaga kai, sai ga bakan gizo, wato ginin baka da ke ɗauke da rufi, yana tasowa daga jikin bango yana lanƙwasa a hankali har ya haɗu da ɗan'uwansa a sama, irin dabarar da Babban Gwani Mika'ilu ya shahara da ita a Masallacin Juma'a na Zariya tun ƙarni na 19. Azara ba ta da tsawon da za ta ratsa faffaɗan ɗaki ita kaɗai, saboda haka magini yakan jera ta gaɓa-gaɓa, kowace ta ɗan zarce ta ƙasanta, a ɗaure, a lulluɓe da ƙasa, har baka ya rufe. An zaɓi giginya ne domin gara ba ta cika cin ta ba.

Dattijon ya ce da ni, “Malam, ɗora tafin hannunka a nan.” Na ɗora a jikin bangon, na ji sanyi kamar na randa, alhali rana ta riga ta take a waje. Kaurin bangon ne ke tsare zafi da rana, ya sake shi da dare. Na ce, “Baba, yaya kuke yi da damina?” Ya bayyana mini cewa ginin ƙasa ba ya son sakaci ko na shekara guda, dole a riƙa duba tsaga, a sabunta yaɓe, a tabbata ruwa yana samun hanyar sauka nesa da gindin bango. Wannan bayani ya taɓa ni ƙwarai, domin a unguwarmu na ga yadda soraye masu kyau suka zube bayan magada sun daina kula, kuma maginan da suka iya ɗaurin baka suna ƙarewa ba tare da almajirai ba.

Abin da ya rage mini daɗi kawai shi ne mai a-daidaita-sahun da na ɗauka daga cikin gari, wanda ya yi ta yawo da ni kafin ya amsa cewa bai san wurin ba, har na rasa hasken safiya da nake so. Duk mai niyya ya nemi wanda ya san Wusasa, ya isa da hantsi a ranar da ba ta sujada ba, ya yi shiga ta mutunci, ya kuma nemi izini kafin ya ɗauki hoto, domin har yau wurin ibada ne.