Wata takwas da cire kebul a gidana: yadda Wi-Fi ya kasance a laftof da kwamfutar tebur

Shekaru na yi da kebul ɗin intanet shimfiɗe a gidana. Ɗaya ya taso daga rautar da ke falo, wato na'urar da ke rarraba intanet a gida, ya bi gindin bango har ɗakin da nake aiki, ɗayan kuma ya ratsa ta ƙarƙashin ƙofa zuwa teburin da matata ke ajiye laftof ɗinta. Tsohuwar rautar tana da Wi-Fi, amma irin na 802.11n ne da aka tabbatar tun 2009, kuma tawa a zangon rediyo na gigahaz 2.4 kaɗai take aiki. Da an tsallake bango biyu sai sigina ya yi rauni, shi ya sa har laftof muke ɗaurewa da waya kamar akuya a turke. Ranar da ƙaramin ɗanmu ya yi tuntuɓe da kebul ya jawo laftof ɗin har bakin tebur, matata ta dube ni ta ce, "Abban yara, ko dai wayoyin nan su bar tsakar gida, ko wata rana mu yi asarar da ta fi kwamfuta." A makon na sayo sabuwar rauta.

Wadda na saya mai Wi-Fi 6 ce, an rubuta AX1800 ɓaro-ɓaro a kwalinta. Wannan lambar tana ruɗar mutane, ni ma ta so ta ruɗe ni. Ba gudun da kwamfuta ɗaya za ta samu ba ne. Haɗa gudun zango biyu aka yi: kusan megabit 574 na gigahaz 2.4 da megabit 1201 na gigahaz 5, aka tara aka zagaye lissafin. Kwamfutarka kuwa zango ɗaya take kamawa a lokaci guda, kuma ko a cikinsa abin da ke isowa hannunka da wuya ya wuce rabi zuwa kashi biyu cikin uku na lambar, don wani kaso yana tafiya ne wajen tsara wa na'urori layi da sake aiko abin da ya lalace a hanya. Duk da haka, in layin intanet ɗin da ke shigowa gidanka bai kai wannan gudun ba, kamar nawa, ba rautar ce za ta riƙe ka ba.

Saitin bai ɗauke ni minti ashirin ba. Na shiga shafin rautar ta adireshin da ke manne a ƙasanta, na canza kalmar sirrin mai gudanarwa da ta zo da ita, na kashe WPS, wato hanyar haɗa na'ura da rauta ba tare da rubuta kalmar sirri ba, tunda tun 2011 aka gano cewa ana iya fasa lambar PIN ɗinsa. Na so in bar tsaro a kan WPA3 zalla, tsarin kulle Wi-Fi wanda ya fito a 2018, amma tsohuwar firintarmu ba ta san shi ba, dole na zaɓi tsarin da ke karɓar WPA2 da WPA3 tare.

A ɓangaren laftof ba ni da abin cewa sai alheri. Ta kama nan take, kuma matata tana taron bidiyo daga falo, daga ɗaki, wani lokacin ma daga baranda. Kuskure ɗaya na yi da farko: na ajiye rautar a ƙasa, a lungu, bayan talabijin, don kawai a nan kebul ɗin kamfani ya ƙare. Da na sa manhajar auna sigina a wayata na zagaya gidan, ɗakin can ƙurya yana nuna kusan -75 dBm. A wannan ma'aunin, duk lambar da ta fi kusa da sifili ita ce mai kyau; -50 sigina ne ƙaƙƙarfa, wajen -67 ana iya taron bidiyo lafiya, daga -80 kuwa sai haƙuri. Na ƙara tsawon kebul ɗin, na ɗora rautar a saman wata kanta a tsakiyar gidan, sama da kaina, babu abin da ya tare ta. Ɗakin ƙuryan ya dawo wajen -60. Wannan ɗan ɗagawar ta yi min amfanin da ban tsammanin rauta mafi tsada za ta yi in an bar ta a lungu.

Kwamfutar tebur ce ta ba ni aiki, kuma saboda ita nake rubuta wannan sharhin. Tawa ba ta zo da Wi-Fi ba, don haka na sayo ɗan mitsitsin adafta na USB, wanda bai fi farcen babban yatsa ba, na soka shi a baya. Makonni biyu na yi ina fama: shafi ya buɗe yanzu, an jima ya tsaya cak, sauke fayil ya katse a tsakiya. Na zargi rautar, na zargi kamfanin intanet, alhali laftof a ɗakin ɗaya tana aiki sumul. Da na natsu na duba, dalilan suka fito fili. Eriyar da ke cikin adaftan ƙarama ce ƙwarai. Jikin kwamfutar ƙarfe ne, kuma yana tsaye daidai tsakanin adaftan da rautar, ga ta a ƙarƙashin tebur jingine da bango. Sannan a kusa da shi akwai faifan ajiyata na waje a ramin USB 3.0, kuma irin waɗannan ramuka da kebul ɗinsu suna fitar da hayaniyar lantarki a kusa da gigahaz 2.4. Kamfanin Intel ya fitar da takarda a kan haka tun 2012. Da na sa kebul ɗin ƙara tsawo na ɗago adaftan kan tebur, abin ya yi sauƙi sosai, sai dai yana ɗaukar zafi idan na daɗe ina loda manyan hotuna, gudun ya riƙa sauka.

Daga ƙarshe na buɗe kwamfutar na sa mata katin Wi-Fi na PCIe, irin wanda ake sokawa a babban allon kwamfuta, mai guntun Intel AX200, wanda ke da eriya biyu a kan gindi mai maganaɗisu da doguwar waya. Na manna gindin a saman kwamfutar inda yake kallon ƙofa. Tun daga ranar ban sake ganin katsewa ba. Abu biyu zan faɗa wa wanda zai bi wannan hanyar. Ka sauke direban katin, wato manhajar da ke sa kwamfuta ta gane shi, ka ajiye a filashi kafin ka cire kebul, domin in kwamfutar ba ta gane katin da kanta ba, ba ka da intanet ɗin da za ka nemo shi. Sannan katin yana zuwa da siririyar waya da ake haɗawa da fil ɗin USB na kan babban allon kwamfuta. In ka manta da ita Wi-Fi zai yi aiki, Bluetooth ne ba zai taɓa bayyana ba. Ni sai da na sake kwance murfin saboda ita.

Maganar zango ma ta ɗan ci min lokaci. Gigahaz 2.4 yana tafiya nesa kuma ya fi ratsa bango, amma cunkushe yake: tashoshin da ba sa hawa kan juna guda uku ne kacal, 1 da 6 da 11, ga rautocin maƙwabta, ga Bluetooth, ga na'urar ɗumama abinci da ke aiki a wajen 2.45. Gigahaz 5 ya fi faɗi da sauri, bango ne dai ke cinye shi. Rautar ta zo da zangon biyu a ƙarƙashin suna ɗaya, ita ke zaɓar wa kowace na'ura, kuma na lura tana yawan jefa kwamfutar teburin cikin 2.4. Na raba sunayen, na sa kwamfutoci a 5, firinta da tsofaffin wayoyi a 2.4. Na san akwai masu cewa a bar rautar ta yi zaɓinta, kuma ga wayar hannu da ke yawo ɗaki-ɗaki suna da gaskiya. Kwamfutar da ba ta motsi daga inda take, gara a kafe ta.

Akwai abin da na rasa, kuma ina jin rashinsa. Ina da akwatin ajiya a gida, wato na'urar adana fayiloli da ake kaiwa gare ta ta rauta, inda nake tara hotunan aikina. Da kebul na gigabit, fayil yana tafiya a kusan megabait 110 kowace daƙiƙa (megabait ɗaya megabit takwas ne), ba hawa ba sauka. Da na mayar da akwatin da kwamfutar duka kan Wi-Fi, gudun ya faɗi warwas, domin kowane bayani sai ya hau iska sau biyu, daga kwamfuta zuwa rauta, daga rauta zuwa akwati, kuma iskar ta kowa ce, bi da bi ake magana a cikinta. Wannan dalilin ne ya sa ƙaramar na'urar maimaita sigina da na gwada ba ta burge ni ba: sandunan sigina sun cika, gudun ya koma kusan rabi. Na mayar da ita kwalinta. Akwatin ajiyar kuwa na ɗauke shi na kai kusa da rautar na haɗa su da guntun kebul. Yanzu kwafin ya fi na da sauri nesa ba kusa ba, amma har yau bai kamo na kebul zalla ba, kuma da yamma idan yara suna kallon bidiyo nakan ji ya ja baya.

Ga mai laftof, ina ba da shawarar komawa Wi-Fi ba tare da wani ɗar-ɗar ba. Ga mai kwamfutar tebur, ya danganta da aikinsa. Mai buɗe shafuka da rubutu da taron bidiyo ba zai ga bambanci ba in ya sa katin kirki mai eriya a waje. Mai wasan kwamfuta ta intanet, ko mai jigilar manyan fayiloli kullum, in rautarsa tana ɗaki ɗaya da shi ko zai iya bin bango da kebul cikin tsafta, ya bar kebul ɗinsa. Na Cat5e yana ɗaukar gigabit har tsawon mita 100. Ni dai nawa ya tashi daga tsakar gida, saura guntun nan mai tsawon kamu ɗaya tsakanin rauta da akwatin ajiya, a can saman kanta inda hannun yaro ba ya kaiwa.