Tabon Robar Cikin Mota: Me Za Ka Saya, Me Za Ka Bari a Shago?

Duk mai mota a Bauchi ya san yadda robar cikinta ke komawa bayan shekara biyu ko uku. Ƙurar hunturu ta cike ƙananan ramukan dashbod, takalman yara sun bar baƙin zane a jikin ƙofa, manja ya ɗiga daga cefanen Muda Lawal, ga tawadar biro, ga danƙon sitika da rana ta gasa. Kafin ka ce wa mai shago ya ba ka maganin tabo, ka shafa wurin da farce tukuna. Abin a saman robar yake zaune, ko ya riga ya ci jikinta? Amsar nan ita ke nuna maka abin da za ka saya.

In a sama yake, fara da mafi araha: ruwan ɗumi, ɗigon sabulun wanke kwanuka irin Morning Fresh, tsohon buroshin haƙori da tawul ɗin maikurofaiba (mai laushin nan na goge mota). Sabulun kwanuka don narkar da maiƙo aka yi shi, shi ya sa yake ɗaga manja da man shafawa da dattin hannu. Buroshin kuma shi ke shiga ramukan da tsumma ke tsallakewa. A ganina yawancin tabon da ke damun mutane a nan suke ƙarewa. Omo da sauran sabulun gari ba na so, don suna barin fari-fari a cikin ramukan idan sun bushe.

Tawadar biro da ta maka (alƙalamin nan mai kaurin rubutu) ba sa jin sabulu. Nan sai sifirit na kemis. Ka haɗa shi rabi da rabi da ruwa, ka jiƙa auduga, ka riƙa dangwala tabon kana canza audugar, kada ka dirza. Amma ka fara gwadawa a ɓoyayyen wuri kamar ƙasan kujera, domin wasu motocin an shafe robarsu da siririn fenti mai laushi, kuma sifirit na iya kwashe shi. Danƙon sitika da na salatif kuwa WD-40, man feshin nan na kwance tsatsa, ya fi dacewa da su: fesa a tsumma, ɗora a wurin na minti 2 ko 3, goge, sannan ka bi da sabulu don ƙura tana son maiƙon da yake bari.

Akwai wani farin soso da ake jiƙawa da ruwa kawai, na melamin. Yana cire zanen takalmi a ƙasan ƙofa har ka yi mamaki. Sai dai ka san cewa kankarewa yake yi, kamar sanfefa mai laushin gaske. A kan roba mai kauri da kaushi, da hannu marar nauyi, ya yi. A kan baƙar roba mai sheƙi ta gefen giya, ko murfin mita mai kama da gilashi, zai bar dusashewar da ba ta gyaruwa. Murfin mita ruwa da tawul mai laushi kaɗai yake so.

Abin da nake roƙonka da Allah ka nisanta shi ne tina (ruwan tsinka fenti), fetur da ruwan goge fentin farce. Wani yaro a wurin wankin mota ya taɓa ce min, "Alhaji, bari in sa tina, yanzu zai fita." Tabon ya fita, amma wurin ya yi fari ya yi danƙo, har yau yana nan a Corolla ɗina. Ba mugunta ya yi ba, bai sani ba ne. Sassa da yawa na cikin mota da robar ABS aka yi su, kuma sinadarin asiton da ke cikin ruwan goge fentin farce narkar da ita yake yi kai tsaye. Haka ma turaren mota na ruwa da turarenmu na mai: in kwalbar ta zube a dashbod ta kwana, takan cinye fentin wurin.

Sai gwangwanin feshi mai sa ƙyalli, wanda masu shago suka fi miƙo wa mutum. Ba ya cire tabo, rufe shi yake yi. Silikon ɗin da ke cikinsa yana kama ƙura, to a watan Disamba da Janairu kwana biyu ya isa dashbod ya koma ja. Ga hasken da yake mayarwa gilashin gaba idan kana fuskantar rana a hanyar Gombe da safe, ko hanyar Jos da yamma. In za ka kashe kuɗi, nemi wanda ba ya ƙyalli kuma yake kare roba daga rana, irin 303 Protectant ko mai goge cikin mota na Meguiar's in ka same su, ka duba murfin ba a taɓa buɗe shi ba. Ko wanne ka saya, kada ya taɓa sitiyari ko fedar birki, santsi yake sawa.

Lokacin aiki ma yana da muhimmanci. A watan Maris da Afrilu, da zafi ke kaiwa digiri 40, robar motar da ta wuni a rana takan busar da duk abin da ka zuba nan take ta bar zane. Yi da sassafe, a inuwa.

In kuwa farcenka ya faɗa rami, ko wurin ya yi fari ya narke, babu kwalbar da za ta dawo da shi, komai abin da aka rubuta a jikinta. Je wurin masu kayan Beljiyam da tsohon ɓangaren a hannunka, ka gwada launi da maƙalansa kafin ka biya.